Kakum, Bobiri ko Ankasa: wane kurmi ya dace da tafiyarku daga Kumasi?

Duk shekara idan Sallah ta matso, maganar da ke tashi a majalisarmu ta Aboabo bayan isha'i ita ce ina za a je yawon bayan Sallah. An daɗe amsar ɗaya ce: a haɗa kuɗi, a ɗauko doguwar bas, a loda mutum hamsin ko sittin, a nufi bakin teku ko tafkin Bosomtwe, a dawo cikin dare a gajiye. Bana sai wasu ƙannenmu suka ce bakin ruwa ya ishe su, kurmi suke so su shiga. Da yake an san na taka Kakum sau uku, Bobiri sau da dama, Ankasa sau ɗaya, sai aka ɗora mini nauyin ba da shawara. Abin da na faɗa musu shi nake rubutawa a nan, don na san irin wannan muhawarar ana yin ta a Asawase da Sawaba, har ma a Nima da Mamobi can Akra.

Buƙatar yaran ta yi mini daɗi ƙwarai, kuma akwai dalili. Kurmin nan shi ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Goro ɗan kurmi ne, ba ya yi a Kano ko Katsina, shi ya sa fatake suka riƙa kora ayarin jakuna wata da watanni zuwa Gwanja, su sauke kanwa da rinannun tufafi da fata a kasuwar Salaga, su koma da huhunan goron da ya fito daga ƙasar Tonawa, wato Asante. Bayan Turawan Ingila sun ƙona Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta soma ja da baya, fatake suka riƙa gangarowa kudu suna bin goron zuwa tushensa, har zangon Kumasi ya kafu ya bunƙasa. To ga mu yau, jikokin waɗannan mutanen, da yawanmu an haife mu a tsakiyar ƙasar kurmi amma ba mu taɓa tsayawa a gindin bishiyar da ta fi benen hawa goma tsawo ba. Mun san bishiyoyin odum da wawa a matsayin katako a hannun kafinta, ba mu san su a tsaye da ganyensu ba.

Kafin a zo kan wurare ukun, akwai zaɓin da ya fi su nauyi, wato mutum nawa za su tafi tare. A zuwana na farko Kakum mu sittin ne da 'yan kai. An yi da mai motar za a tashi ƙarfe huɗu na asuba, bai iso ba sai da gari ya waye tangaran, sannan aka tsaya jiran wane da wance. Ba mu isa ba sai gab da azahar. Rana ta take, tsuntsaye sun yi shiru, ga wasu bas-bas huɗu sun riga mu. Muka hau gadar sama da aka ɗaure tsakanin bishiyoyi a jere, kowa yana ihu yana kiran sunan na gabansa, wani yaro riƙe da lasifika a hannu. Abin da na gani a ranar bai wuce ƙeyar wanda ke gabana da katakon da nake takawa ba. A hanyar dawowa na lura da ledojin fiya wata suna ta fita ta tagogi har muka wuce Assin Fosu, raina ya ɓaci, amma wa za ka tsawatar a cikin mutum sittin?

Ba laifin kowa ba ne shi kaɗai, yawan ne ya jawo. Dabbar kurmi da kunne take rayuwa. Tun kana nesa ta ji takunka ta ɓuya, balle taron da ke tafe da waƙa. Hanyoyin cikin kurmi kuma siraɗi ne, mutum ɗaya bayan ɗaya ake bi, saboda haka idan ɗan jagora ya tsaya ya nuna wani abu, mutum biyar ko shida na farko ne kaɗai za su ji, su gani. Na goma sha biyar labari zai samu. A gwajina, mutum shida zuwa takwas ga ɗan jagora guda shi ne daidai. Idan kun kai goma sha biyu, wato cikin motar Sprinter ɗaya, ku nemi 'yan jagora biyu ku rabu, a bar tazarar rabin awa a tsakani. Gaskiyar da ba zan ɓoye ba ita ce ƙaramin ayari ya fi tsada a kan kowane mutum, tunda kuɗin mota da mai kan mutane kaɗan zai faɗa. Amma araha ba ta ado, kuma adashin wata uku yana rufe wannan giɓin.

Kakum shi kowa ya sani, hotonsa ne a kalanda. Yana Yankin Tsakiya, kimanin kilomita 30 arewa da Kef Kos a kan hanyar Jukwa. An keɓe dajin tun 1931, ya zama gandun ƙasa a 1992, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 375. Gadar sama da ta yi masa suna an buɗe ta a 1995: gadoji bakwai ne na igiyar ƙarfe da tsani da katako, da raga a gefe da gefe, an ɗaure su daga wata ƙatuwar bishiya zuwa wata, tsawonsu duka kusan mita 350, a wasu wuraren kuma tsakaninka da ƙasa mita 30 ne zuwa 40. Daga Kumasi ana bi ta Anwiankwanta da Fomena, a ƙetare kogin Pra a Praso, a wuce Assin Fosu zuwa Yamoransa. Tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar idan hanya ta yi kyau.

Wannan nisan shi ne matsalar masu son zuwa su dawo a yini ɗaya. Duk sammakonka daga Kumasi, lokacin da kurmi ya fi rai zai wuce kana cikin mota. A zuwana na biyu mu bakwai ne, har da ƙanwata da mijinta. Muka kwana a Kef Kos, muka ci abincin dare a wajen Kotokuraba inda ba a rasa 'yan uwa Musulmi, tun da rana kuma mun riga mun shirya da ma'aikatan gandun cewa da sassafe za mu shiga, kafin lokacin buɗe ƙofa ga jama'a. Ana yin haka da ƙarin kuɗi, masu kallon tsuntsaye ma haka suke yi. Muka yi sallar asuba a bakin ƙofa, muka hau tudun da ke kai wa gadar da tocila a hannu. A dandamali na uku ɗan jagora ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Hazo fari kamar auduga ya kwanta a ƙarƙashinmu, kawunan bishiyoyi sun ɓullo ta cikinsa. Sai muka ji wani irin fuu-fuu-fuu yana tahowa, kamar ana zuga zugazugin maƙera. Manyan cilakowa ne guda biyu, irin na kurmi masu tudu a saman baki, ƙarar fukafukansu ce ta riga su isowa. Suka sauka a reshen da bai fi taku ashirin daga gare mu ba. Ƙanwata, wadda tun gada ta farko take riƙe da rigata tana salati, ta saki rigar ta ce a hankali, "Yaya, ashe haka Allah Ya yi wurin nan?" Mun yi fiye da awa biyu a saman, kafin motar farko ta iso mun sauko.

Saboda haka Kakum gida biyu ne. Akwai Kakum na tsakar rana a ranakun hutu, wanda cunkoso ne da ɗaukar hoto, akwai kuma na asuba. Idan ba za ku iya kwana ba, ni dai shawarata ku ɗaga tafiyar har ku iya. Ga masu ƙarfin zuciya akwai ɗakin kwana a kan bishiya a cikin gandun, ana kwana da rakiyar ma'aikata a yi yawon dare da tocila. Wani abin da ya kamata a faɗa wa mutane tun a gida: a Kakum akwai giwayen kurmi, akwai birai iri-iri da tsuntsaye sama da nau'i 250, amma giwar ba za ku gan ta ba. Ƙarama ce a kan ta arewa, mai kunya, tana can cikin duhuwa. Wanda giwa yake so ya gani ido da ido, Mole zai nufa, can wajen Larabanga. Sannan hawan tudun kafin gadar yana cin numfashi, dattijo mai ciwon gwiwa ko hawan jini zai wahala. Wanda ya hau gada ta farko ya ji ba zai iya ba, akwai gajeriyar hanya da za ta fitar da shi ba sai ya bi duka bakwai ɗin ba.

Bobiri kuwa a bayan gidanmu yake, kuma abin mamaki shi ne wanda mutanenmu suka fi rashin sani. Ka bi hanyar Akra ka wuce Ejisu, kafin Konongo akwai ƙauyen Kubease, nan za ka saki kwalta ka shiga hanyar ƙasa ta 'yan kilomitoci. Duka-duka wajen kilomita 35 ne daga Kumasi, motar Konongo ma za ta sauke ka a mararrabar. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 54, kuma Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Gana, wato FORIG da ke Fumesua, ita ke kula da ɓangaren baƙi da bincike. Ya yi suna ne saboda malam-buɗe-littafi, an ƙirga kusan nau'i 400 a cikinsa. Ba gada, ba hawan tudu, ba layi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da hanyoyi a ƙarƙashin inuwa, akwai gajere akwai dogo, da wani fili da aka tara bishiyoyi aka rubuta sunayensu, da ɗan masauki ga mai son kwana.

Mutane kan raina shi saboda babu abin da ke tsinka zuciya. Ni kuma a nan na fi koyon kurmi, don a nan ne ake tafiya a hankali. Malam-buɗe-littafi ba ya fita da sanyin safiya, sai rana ta ɗan ɗaga ta ɗumama masa fukafukai, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Wannan ya yi wa mai tasowa daga Kumasi daidai: ka yi asuba, ka sha koko da ƙosai, ka kama hanya, ka isa a kan lokaci. Za ka same su sun taru a kan danshin ƙasa a bakin kududdufi ko kan ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suna tsotsa, shuɗi da ja da baƙi mai ɗigon fari, wani faɗinsa ya kai tafin hannun yaro.

Ranar da ba na mantawa ita ce wadda muka je da kawuna, wanda ya yi shekaru yana shiga ƙauyuka sayen goro kafin ƙafa ta gaza. A gefen hanya kafin mu shiga dajin, cikin wata gonar koko, ya ce a tsaya da mota. Ya nemi izinin mai gonar da Tonanci, ya kai mu gindin wata bishiya mai duhun ganye, ya ɗauki wani kore-koren kwanso mai gurza-gurza da ya faɗo, ya fasa shi da wuƙa. Ga goro a jere a ciki, kowanne lulluɓe da farar fata. Samari huɗu da ke tare da mu, dukansu jikokin fatake, babu wanda ya taɓa ganin goro a cikin kwansonsa. Ɗayansu ya ce, "Kawu, wallahi na ɗauka a ƙasa ake tono shi kamar gyaɗa." Kawu bai yi dariya ba. Ya ɓare ɗaya ya raba musu, ya ce, "Ɗana, wannan ne ya taso da kakanka daga Kano da ƙafa." Da muka shiga dajin shi da ɗan jagora suka riƙa musayar sunaye, wannan ya ce odum, Kawu ya ce loko; wannan ya ce onyina, Kawu ya ce rimi. A gindin wani rimin mu tara muka shige tsakanin saiwoyinsa masu faɗi kamar bangon ɗaki, ba a hango mu daga hanya.

Rauninsa shi ma a faɗe shi. Bobiri ba gandun ƙasa ba ne irin Kakum. Wani sashensa an keɓe ba a taɓawa, wani kuma ana sare katako a cikinsa bisa izini, don haka kana iya cin karo da motar gungume a hanya, kuma ba ko'ina ne yake da cikar da ake gani a hoto ba. Manyan namun daji babu su. Abinci kuma ku tafi da naku, ko ku sanar tun da wuri idan kuna so a dafa muku.

Ankasa wani abu ne daban. Yana can ƙuryar kudu maso yamma a ƙasar Nzema, dab da Elubo, bakin iyakar Kwaddibuwa. An kafa shi a 1976, ya haɗa gandun Nini-Suhien da na Ankasa, faɗinsu tare ya ɗan haura murabba'in kilomita 500. Nan ne yankin da ya fi ko'ina ruwan sama a Gana, kusan milimita 2,000 a shekara, alhali Kumasi da muke ganin tana shan ruwa wajen 1,400 take samu. Shi ya sa bishiyoyinsa ba sa kaɗe ganye ko da rani, kuma masana sun ƙirga tsirrai sama da nau'i 800 a ciki. A Bobiri da Kakum kana jin kai baƙo ne da aka shirya wa wurin zama. A Ankasa ba wanda ya shirya maka komai. Gansakuka a jikin kowane kututture, igiyoyin kurmi suna reto daga sama, iska mai nauyi da ɗumi, rigarka ba ta bushewa daga safe har dare.

Daga Kumasi yini guda cur za ka yi a hanya, ko ka bi ta Kef Kos da Takoradi, ko ta Obuasi da Dunkwa da Tarkwa. Ke nan kwana uku ne mafi ƙaranci, huɗu ya fi. A hanyar ne za ka ga abin da ke sa mutum ya san darajar inda za shi. Kogin Pra da kogin Ankobra duka sun koma launin shayi da madara saboda galamse, haƙar zinariyar da ke wanke ƙasa cikin ruwa. Sai ka isa ƙofar Ankasa ka leƙa kogin da ke ƙarƙashin gada, ka hango duwatsun da ke ƙasansa. Na daɗe a tsaye a kan gadar nan.

Mu shida muka je, a ƙarshen damina, kuma mun yi kuskuren tafiya da motar da ba ta dace ba. Daga ƙofa zuwa sansanin Nkwanta kilomitoci kaɗan ne, amma laka ce ja mai santsi, sau biyu muna sauka muna turi har gwiwa. Wannan hanyar ta jif ce mai ja da ƙafa huɗu, ko kuwa a ajiye mota a taka da ƙafa. Kusa da sansanin ne wurin da ake kira Majami'ar Gora, inda gungun gora masu tsawo suka sunkuyo daga kowane ɓangare suka haɗe a sama kamar bakan gizon soro, ƙasa kuma shimfiɗe da busasshen ganye. Idan iska ta kaɗa sai ka ji gorar tana ƙara kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa. Da dare kuwa kukan kwaɗi da ƙwari ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa, asibiti da nisa. Wannan ba wurin kai yara ko tsofaffi ba ne, ba kuma wurin wanda bai taɓa shiga kurmi ba. Wanda ya riga ya je Bobiri da Kakum ya ji bai ƙoshi ba, shi Ankasa ke jira. Idan an je, a ƙara kwana ɗaya a biya ta Beyin a shiga kwalekwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan ruwa.

Lokaci ma yana yanke hukunci. A kudancin Gana babbar damina daga Afrilu take zuwa Yuli, ƙarfinta a Mayu da Yuni, sai a ɗan sarara a Agusta, ƙaramar ta dawo a Satumba da Oktoba. A 'yan shekarun nan kuwa Babbar Sallah a Mayu da Yuni take faɗowa. Bobiri da Kakum suna shiguwa a haka idan da rigar ruwa, Ankasa kam a bar shi sai Disamba ko Janairu.

Akwai wasu wurare biyu da sukan shigo zancen. Boabeng-Fiema a wajen Nkoranza, inda birai ke yawo har cikin gidaje saboda al'adar mutanen garin ta hana taɓa su, har maƙabarta suke da ita. Yara suna jin daɗinsa sosai, sai dai ɗan ƙaramin daji ne a bakin iyakar kurmi, ba irin wanda muke magana ba. Sai Bonkro a wajen New Edubiase, inda ake hawa tudu da yamma a zauna shiru a jira wani tsuntsu mai sanƙo da ke gina sheƙar laka a jikin dutse, wanda aka daɗe ana zaton ya ƙare a Gana kafin a sake ganinsa a 2003. Wannan na masu haƙurin zama ne, mutum huɗu ko biyar.

Duk wanda aka zaɓa, akwai haƙƙin wurin da na mutanensa a kanmu. Manoman da ke kewaye da Kakum su ke biyan kuɗin zaman giwayen nan, don da dare giwayen kan fito su cinye rogo da masara da ayaba, har manoma suna rataye tsummokaran da aka shafe da barkono da baƙin mai a bakin gona don korar su. Mutumin da giwa ta cinye wa gona, idan bai ga wani amfani daga baƙin da ke wucewa ta ƙofar gidansa ba, da wane dalili zai so dajin? Doguwar bas takan zo da tukwanen wake da shinkafa daga Kumasi, ta tafi ba ta bar ko sidi ɗaya a ƙauyen ba sai shara. Ƙaramin ayari yana kwana, yana sayen ayaba da kifi da zuma, yana ɗaukar ɗan jagora daga garin. Ku biya kuɗin shiga a karɓi rasit, kar a nemi hanyar bayan fage, kuma ku riƙe katin ɗan ƙasa don kuɗin 'yan Gana daban yake da na baƙi. Ɗan jagora idan ya yi aiki a ƙara masa wani abu da hannu biyu.

Naman daji da ake ɗagawa a bakin hanya a bar shi inda yake. Ban da maganar yanka da ta shafe mu, doka ta hana farautar yawancin namun daji daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, wasu kuma an hana taɓa su kowane lokaci. Haka tsuntsu a keji. A gidan kakana akwai aku mai jar wutsiya da ke amsa sallama, gidaje da yawa a zango haka suke a da. Binciken masana ya nuna cewa tun daga 1992 Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan akun, saboda kamawa ana sayarwa da kuma sare manyan bishiyoyin da yake ƙwai a kogonsu. A duk yawon da na yi a kurmi sau ɗaya na ga guda biyu suna wucewa ta sama, na kuwa tuna da na gidanmu.

Sauran shiri kaɗan ne. Takalmi rufaffe da safa, a cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa, wanda idan ka taka layinsu sai ka tuɓe. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga da hijabi madaidaici wanda ba zai kama ƙaya ko ragar gada ba. Gorar ruwa maimakon leda, da buhu ɗaya da duk shara za ta koma Kumasi a cikinsa. Gidan sauro ga masu kwana. Buta da ledar shimfiɗa don salla, a duba alƙibla a waya tun kafin a shiga inda ba a ganin rana, a kuma tambayi malam hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun a gida. Lasifika a bar ta a Aboabo.

Abin da majalisa ta tsayar bayan an kai ruwa rana shi ne, doguwar bas tana nan ga masu son bakin teku, ba a hana kowa ba. Masu son kurmi kuma an raba su. Iyaye mata da yara da dattawa Bobiri za su je, takwas-takwas, Asabar uku a jere bayan Sallah. Samari bakwai da 'yan mata biyar za su Kakum a mota ɗaya, su kwana a Kef Kos, su rabu gida biyu a bakin gada da asuba. Ankasa an buɗe masa adashi zuwa Janairu, mutum shida kacal, kuma sharaɗin shiga shi ne sai ka je ɗaya daga cikin biyun farko. Washegari da safe Kawu ya aiko jikarsa ta ce a rubuta sunansa a Asabar ta farko, a kuma ba shi kujerar gaba, don akwai gonar da yake so a sake tsayawa.